Rahoton da Mai Ajiya Ba Ya Gani

Duk wanda ya yi aikin binciken bankuna a Najeriya, a Babban Banki ne ko a hukumar inshorar ajiya ta NDIC, kama baki aka fara koya masa kafin karanta littafin lissafi. Za ka shiga banki ka buɗe fayil, ka ga attajirin da ya ci bashi ya hana, ka ga daraktan da ya ranta wa kamfanin ƙaninsa kuɗin jama'a ba jingina. Ka rubuta rahoto, a kai wa shugabanninka da daraktocin bankin. Mai ajiya kuwa, wanda a kan dukiyarsa ake maganar, ba ya cikin masu gani. Na yi wannan aiki har na ajiye shi, kuma mutanenmu na Ruwan Godiya, da sai sun je Funtuwa suke ganin manyan bankuna, sun sha tambayata wanne ne lafiyayye. Amsa ɗaya nake ba su: ba ni da izinin faɗa.

Wajen Turawa muka gaji wannan tsari. A 1924 wata kotu a Ingila, a shari'ar Tournier, ta ce wajibi ne banki ya rufa wa mai asusu asiri, sai fa idan doka ta tilasta, ko maslahar jama'a ta buƙata, ko bankin zai kare haƙƙinsa, ko mai asusun ya yarda. Dokar banki ta 1952 ta wajabta lasisi, Babban Banki ya fara aiki ran 1 ga Yuli, 1959, sannan Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta mai da fitar da takardar sirri laifi.

Shirun nan yana da dalili. Babu bankin da ke riƙe da kuɗin masu ajiyarsa duka a ɗaki; mafi yawa suna hannun masu bashi. Ran kasuwar Sheme, in aka yi raɗe-raɗin cewa banki kaza ya girgiza, kowa ya ruga cire nasa, to ko lafiyarsa ƙalau sai ya faɗi. Manaja ma ba zai buɗe maka cikinsa ba sai ya tabbata maganar ba za ta kai jarida ba. Haka nan mai neman lasisi: zai kawo sunayen masu hannun jari, da asalin kuɗinsu, da tarihin kowane darakta, a tantance. Ana iya ƙin mutum saboda shakku alhali kotu ba ta taɓa kama shi da laifi ba, kuma tallata irin wannan zalunci ne. Magabatanmu a aikin kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Shekarun 1990 ne suka nuna mana ɗaya fuskar. An kafa NDIC a 1988, a lokacin da gwamnatin Babangida ta sassauta ba da lasisi, bankuna suka ƙaru daga kimanin 40 a 1985 zuwa kusan 120 cikin 'yan shekaru. Rahotanninmu sun nuna ruɓewar tun da wuri, amma jama'a ba su ji abin da ke ciki ba sai da Abacha ya kafa kotunan bankunan da suka durƙushe da Doka ta 18 ta 1994. A Janairun 1998 aka rufe bankuna 26 lokaci guda, inshorar mai ajiya kuwa ba ta wuce naira 50,000 ba. A nan na fahimci cewa sirrin ba kowa yake hanawa sani ba. Masu uwa a gindin murhu sukan ji ƙishin-ƙishin su kwashe nasu. Ɗan fansho da manomin auduga su ne ke tarar da ƙofa a garƙame.

Bankunan al'umma sun fi shafar karkara irin tamu. Na farkonsu, Alheri, a Tudun Wadan Kaduna aka buɗe shi a ƙarshen 1990. Da yawansu sun yi shekara da shekaru suna aiki da lasisin wucin-gadi, ba inshorar ajiya, kuma wanda ya sayar da buhunan masara ya sayi hannun jari bai san bambancin wannan lasisi da cikakke ba. A Disambar 2005 aka fito da sabon tsari, aka umarce su su koma ƙananan bankuna da jarin aƙalla naira miliyan 20. A Satumbar 2010 Babban Banki ya soke lasisin 224, daga baya ya sassauta wa 121, aka rufe 103. A Mayun 2023 aka sake soke 179. Kowane karo jerin sunaye ake fitarwa da dalilai a dunƙule. Abin da masu bincike suka gani, da ranar da suka fara ganinsa, yana nan a kulle.

Babban sauyi ya zo ran 14 ga Agusta, 2009. Bayan bincike na musamman, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank, ya zuba musu naira biliyan 420, kuma cikin 'yan kwanaki sunayen manyan masu bashinsu suka fito a jaridu. Mun yi gardama a tsakaninmu. Wasu suka ce an ci amanar aiki, ga shi wasu daga waɗanda aka ambata sun musanta alƙaluman. Amma rububin da ake tsoro bai rusa bankunan ba, domin an haɗa tonon da kuɗi da tabbacin cewa ajiyar kowa na nan. A 2015 Babban Banki ya umarci bankuna da kansu su riƙa buga sunayen masu taurin bashi.

Ran 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Kowa na iya rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani ba tare da faɗin dalili ba, a amsa masa cikin kwana bakwai. Dokar ta ba hukuma damar ƙi: sashe na 12 ya kare binciken da ake cikin yi, na 14 bayanan mutum na kansa, na 15 sirrin kasuwanci da na kuɗi. Sai dai ko a nan, idan amfanin jama'a ya rinjayi illar, dole a bayar, kuma wanda aka hana yana iya zuwa kotu cikin kwana 30. Dokar Amurka ta fi tamu tsauri a wannan gaɓa, don ta keɓe rahoton binciken banki da sashe nasa. Duk da haka, da Silicon Valley Bank ya faɗi a Maris 2023, babban bankinsu ya fitar da wasiƙun gargaɗin da masu bincike suka riƙa aika masa, har ya amince cewa nasa sa-idon ya gaza.

Hukuncina bayan duk wannan shi ne sirri yana da wa'adi. Muddin banki na raye, bincike na gudana, a kama baki. Asusun mai ajiya kuma a rufa shi har abada. Amma ranar da aka soke lasisi babu sauran rububin da za a ji tsoro, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Daga nan wanda shirun ke karewa shi ne daraktan da ya ci, da jami'in da ya gani ya yi jinkiri.

Ina kira ga mai wakiltar mazaɓarmu ta Kankara, Faskari da Sabuwa a Majalisar Wakilai ya nemi gyaran doka da zai wajabta buga taƙaitaccen rahoto kan duk bankin da aka rufe. Kai kuma mai karatu, kafin ka kai kuɗinka ko'ina, nemi sunan wurin a jerin masu lasisi na Babban Banki, ka tabbata NDIC na tsaya masa. Tun 2024 inshorar ta koma naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙanana. Wanda ba shi da lasisi, ko sisi ba mai biyanka.