Keke a Yashin Gobir: Daga Rali Zuwa Mai Giya

Ƙasar Gobir ƙasar doki ce tun fil'azal. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshe na gidan sarautar ya gangaro bakin Gulbin Rima ya kafa Sabon Birni, ita kuwa Isa ta tashi a matsayin ribaɗin Daular Sakkwato. Duk wannan kai-komo a kan sirdi aka yi shi, talaka kuma a ƙafa, yana kora jakinsa. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, suka ja iyaka tsakaninsu da Faransawa, sai Tsibiri ta faɗa ɓangaren Faransawa, Sabon Birni da Isa suka faɗo nan ɓangaren Ingila. Zumunci dai bai yanke ba, turbobin yashi suka ci gaba da sada dangi.

Keke jirgin ƙasa ya biyo. Dogo ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, daga Ƙaura kuwa Shinkafi da Isa ba su da nisa. Gyaɗa da auduga suna tafiya kudu, kayan kanti suna hawowa, har da baƙin Rali na birnin Nottingham. Da farko abin hawan manya ne: malaman En'e, malamin makaranta, dillalin gyaɗa. Da sojojinmu suka dawo daga Bama bayan 1945 da ɗan abin sallamarsu, keke ya fara shiga ƙauye. Har lasin ake yankar masa, a maƙala lamba a jiki.

Daga nan ne aka sami mahayin da muka buɗe ido muka gani. Kekensa ba shi da giya, ƙarfe ne zalla mai nauyin tsiya. Yakan ɗaure buhun gero ko na albasa a kariya da igiyar roba, ya rataya gorar ruwa, ya fita da assalatu shi kaɗai don ya ci kasuwar Alhamis a Shinkafi, ko ya ƙetara ya gano 'yar uwarsa da ke aure a Gidan Rumji. Inda ƙasa ta yi tauri ya taka feda, inda yashi ya yi zurfi ya sauka ya tura, gaban keken na rawa, kaya na rinjayarsa gefe. Da rani ya ratsa busasshen gulbi a ƙafa, da damina a ɗora keken a kwalekwale. Babban abokin gabarsa ƙayar tsidau ce. In taya ta sace a dawa, babu mai faci sai shi kansa. Zai kifa keken a gindin aduwa, ya zaro tub, ya ba shi iska da famfo, ya riƙa kai shi kusa da kunci har ya ji inda take fita, ya kankare wurin, ya shafa gam, ya jira ya sha iska kafin ya manna. In tub ya ƙi faci, ya cusa ciyawa da tsumma cikin taya ya lallaɓa zuwa gari. Ba wanda ya taɓa kiran wannan wasa. Neman abinci ne, amma ƙarfin zuciyar da ke cikinsa ya cancanci a tuna da shi.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 suka kawo Honda da Suzuki da Yamaha. Keke ya fara sauka daga darajarsa, Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka maye gurbin Rali, yara suka samu na haya a bakin kasuwa. Da baburan Sin da Indiya masu araha suka cika gari a farkon shekarun 2000, kabu-kabu ya ƙarasa abin da ya rage.

A daidai lokacin da muke jingine namu a zaure, wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya suna tono tsofaffin kekunan Schwinn masu faɗin taya suna gangarowa da su daga tsauni. Tserensu na Repack ya fara a 1976. Joe Breeze da Tom Ritchey suka shiga ƙera firam na musamman, kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981, aka yi gasar duniya ta farko a Durango a 1990, wasan ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996. Ana cikin haka wasu suka ga gajeren tsere bai ishe su ba. A 1992 aka buɗe tseren awa 24 a Canaan ta jihar West Virginia, inda 'yan ƙungiya ke karɓa-karɓa dare da rana. A 1996 John Stamstad ya so ya yi shi shi kaɗai, doka ba ta tanadi haka ba, sai ya cike gurbin mutum huɗu da sunansa, yana ɗan jujjuya shi, ya hau ya kwana yana tuƙi. Daga wannan taurin kai aka buɗe rukunin masu tseren kaɗaici.

Abin ya ci gaba da tsawo. Tun 2008 ake yin Tour Divide daga Banff ta Kanada zuwa iyakar Amurka da Meziko, kusan kilomita 4,400, kuma a 2016 Mike Hall ɗan Ingila ya gama shi cikin ƙasa da kwana 14. A 2020 irin wannan tsere ya iso tsaunukan Atlas na Maroko. Dokarsa a taƙaice take: ba motar rakiya, ba mai riƙe maka kaya, abinci ka saya inda kowa ke saye, ka kwana inda dare ya same ka, keke in ya lalace gyaransa na wuyanka. Duk Bagobirin da ya haura sittin zai gane wannan doka ba sai an yi masa bayani ba. Bambanci dai akwai shi, kuma babba ne. Su zaɓa suka yi, da keke marar nauyi da na'urar da ke nuna wa duniya inda suke, namu kuwa dole ce ta sa su, ba kuma mai ƙirga musu lokaci.

Keken tsaunin nan ya iso mana a gwanjo, ta tashoshin Kwatano da Legas, muka sa masa suna mai giya. Faɗin tayarsa ya dace da yashinmu fiye da Rali. Da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, farashin lita ya kusa ninkawa uku, ɗalibai da ƙananan ma'aikata suka koma kansa. Sai dai yawancin hawan yanzu a cikin gari ne da gefensa, don halin rashin tsaro da hanyoyin Isa da Sabon Birni ke ciki ba ya barin mutum ya fita dawa shi kaɗai da asuba. Masu gyara kuma suna fama da rashin kayan giya. In ta lalace, sau da yawa cire ta suke yi, su rage tsawon sarƙa, su ɗora ta kan haƙori guda, mai keke ya biya ya hau ya tafi.