Bakan Ƙaho da Bakan Kakanninmu

Duk shekara in na zo darasin yaƙe-yaƙen da, ɗalibaina a nan Yamai sukan nuna mini hotunan bakan Mongol da na Turkawa a wayoyinsu, su ce: "Malam, me ya sa namu sanda ce kawai da tsirkiya?" Tambayar ta cancanci amsa, domin yaron da ba a ba shi ita ba zai tashi yana raina nasa.

Bakan ƙaho haɗi ne na abu uku. Akan sa itace a tsakiya. Ɓangaren da ke fuskantar maharbi akan manna masa ƙahon ɓauna ko na ragon dutse, don ƙaho yana jure matsi. A bayansa akan shimfiɗa jijiyar dabba da aka daka ta zama zare, don jijiya tana miƙewa ta koma. Da fata ko mafitsarar iska ta kifi ake dafa danƙon haɗin, kuma bushewarsa takan ci watanni, wani sa'in shekara. Tsohuwar sana'a ce: an sami irin wannan baka a kabarin Fir'auna Tutankamun da aka gano a 1922. Wani dutse mai rubutu na wajen 1225 ya nuna Yesunge, ɗan ɗan'uwan Jangis Kan, ya harba kibiya fiye da mita 500.

Duk wannan wahala don doki ce. Mahayi yana bukatar gajeren baka mai ƙarfi da zai juya a kan sirdi. A ƙasar Hausa kuwa barde mashi da takobi ya riƙe, baka na dakaru ne da maharba. Su ba ƙarfin itace suka dogara a kai ba, dafi suka ƙware a kansa. Akan dafa 'ya'yan kwankwani a shafa wa tsinin kibiya, ko ƙwarzane ta yi, dafin ya kai zuciya. Wanda ke da wannan ilimi, me zai sa ya jira danƙo shekara guda?

Tarihi ya shaida. A Tabkin Kwatto, cikin Yunin 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu suka tarwatsa dawakin Yunfa Sarkin Gobir, har da masu lifidi. A Lugu kuma, a 1899, da kwari da baka mutanen Sarauniya Mangu suka tari bindigogin rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan.

Shawarata ga malamai da iyaye: mu kai yara gidan tarihi na Bubu Hama su ga makaman da, mu kuma nemi tsofaffin maharba tun suna raye. Mu koya musu su riƙa tambayar wace matsala kowane makami ya zo warwarewa, kafin su ce wannan ya fi wancan.