Hawan Sarki Ya Shiga Hoto, Annoba Ta Tsaya a Fuskar Talaka

Duk sallah, hakimai kan shigo birnin Katsina da dawakinsu, Kankiya daga Kankiya, Bebeji daga Kusada, kowa da 'yan lifidi da makaɗa, a yi jafi a Ƙofar Soro. Wannan ado ya daɗe yana jan idon masu kyamara. Akwai hotunan Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado a 1906, akwai na babban hawan da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da na Kaduna a 1956 da Sarauniya Elizabeth ta zo. Rawani da alkyabba da laima, komai ya fito sarai.

To amma a zamanin Dikkon nan ne murar 1918, wadda tsofaffi ke kira marisuwa, ta sauka Ikko daga jiragen ruwa, ta bi layin dogo ta hauro Arewa. Masana tarihi na ƙiyasin ta kashe kusan mutum 500,000 a Nijeriya. Ina hoton masu haƙa kabari a ƙauyukan Kusada a wannan shekara? Kyamarar tana hannun Bature, shi kuwa doki yake son ɗauka.

A Turai cuta da sarauta sun sha haɗuwa a allo ɗaya. A 1804 Antoine-Jean Gros ya zana Napoleon a tsakiyar sojojinsa da annoba ta kama a garin Yafa a 1799: ya tuɓe safar hannu yana taɓa ƙurjin hammatar wani majinyaci, wani hafsa a bayansa ya toshe hanci da ƙyalle. Zanen na nan a gidan tarihi na Louvre. Bambaɗanci ne ƙarara, don a 1804 ɗin ne Napoleon ya naɗa kansa sarki, kuma Faransawa sun saba da al'adar sarakunansu ta shafa masu kumburin wuya wai hannun sarki waraka ne. Charles na Goma ne ya yi ta ƙarshe a 1825. Duk da haka, a garin yabon mai mulki, mai zanen ya bar wa duniya fuskokin marasa lafiya, abin da mu ba a bar mana ba.

Namu tarihin a jikin mutane ya zauna. Dubi fuskar dattijo mai zanzanar agana a kasuwar Kankiya, ko tabon lamba a damtsen wanda ya bi layi gaban hakimi bayan 1967, lokacin da ma'aikatan lafiya suka bazu ƙauyuka da allurar bindiga. Sarakuna da dagatai ne suka sa aka yi shela mutane suka fito, kuma zuwa 1970 agana ta ƙare a Nijeriya. A ganina wannan ya fi kowane hawa cancantar a zana shi a bangon fada.

Masu wannan tabo suna ƙarewa. Ga makarantar koyon aikin lafiya a Kankiya cike da ɗalibai, kowa da waya a aljihu. Ba abin da zai hana a tura su unguwa-unguwa su nemi izinin dattawan, su ɗauki hotunansu, su naɗi abin da suka tuna na agana, da na sanƙarau ɗin 1996.