Kududdufan Birnin Kano da Ruwan Jakara

Duk gidan ƙasa da ke cikin birnin Kano daga rami ya fito. Magina sun haƙi ƙasa sun buga tubali, damina ta zo ta cika ramin, sai ya zama kududdufi. Ita kanta badala, wadda aka fara ɗorawa a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), haka aka samo ƙasarta. Gini da kududdufi tare suka girma, kuma kowace unguwa ta san nata: Mai Allo, Kukkuki, Hauren Wanki, Hauren Balago, Ɗan Agundi.

Uwarsu duka ita ce Jakara. Tarihin Kano ya nuna cewa kafin Musulunci ya kafu, mazauna gindin Dala suna girmama wani kurmi da ke bakin wannan ruwa, wanda ake kira Kurmin Baƙin Ruwa. A gefensa Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kasuwar Kurmi. Lokacin da Baturen Birtaniya Clapperton ya iso Kano a 1824, ya tarar da fadama mai ciyayi da ta kusa raba birnin biyu, agwagin daji da sauran tsuntsaye na kiwo a cikinta. Shi da Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, sun koka da kwantaccen ruwan da ke jawo ciwo. Ke nan ƙazanta tsohuwar matsala ce. Amma ƙazantar wancan zamani mai ruɓewa ce: toka, kashin dabbobi, ruwan baba na marina, ruwan bagaruwa na majema. Ruwa yana iya haɗiye ta ya ci gaba da rayuwa.

A Shahuci aka haife ni, kuma na riski ƙarshen wannan zamani. Kududdufin da muke zuwa muna yara, kainuwa ce ke rufe rabinsa da damina. Muna saƙala tana a fatsa mu jawo ƙarfasa, mai sa'a ya samu tarwaɗa. Da rani, idan ruwa ya ja baya, magina na shiga ɗiban ƙasa, wani lokaci su fasa busasshen taɓo su tarar da gaiwa a naɗe, da ranta, tana jiran ruwan baɗi. Kakata ba ta son zuwanmu can, kuma tana da gaskiya, don akwai sauro, akwai tsargiya, an kuma sha rasa yara a ciki. Sai dai ita ce ta fara nuna mini aikinsa. Idan aka kwana ana ruwa, da safe takan ce in duba lungunmu. Babu ruwa a kwance, duk ya gangara kududdufi.

Abu uku ne suka kashe wannan tsari. Na farko bulo da siminti. Da aka daina ginin ƙasa aka daina yashe ramukan, sai mutane suka ɗauke su wofi, suka mai da su bola. Na biyu leda. Baƙar leda da ta fiya-wata ba sa ruɓewa, suna toshe kwata, suna shimfiɗuwa a kan ruwa har kifi ya rasa iska. Na uku tsadar fili. Sai a fara da zuba shara a baki-baki, a biyo da tifofin ƙasa, a wayi gari an yanka fulotai an jera shaguna. Wanda ya daɗe bai bi titin Jami'ar Bayero ta wajen Hauren Wanki ba, zai sha mamakin gine-ginen da suka tsaya inda ruwa yake a da. Ruwan sama kuwa bai ragu ba. Da ya rasa masauki, sai ya shiga zaure da ɗaki, ya jiƙa gindin katanga har ta zube.

Jakara ta fi shan wuya. Kwatocin birni da na Fagge da Sabon Gari a cikinta suke ƙarewa, haka ma jini da tumbin mayanka. Can gaba rafin Getsi ya haɗe da ita ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, inda jima ta zamani ta maye gurbin bagaruwa da sinadarin kuromiyam. A zangon Gwamna Kwankwaso na biyu (2011–2015) aka fara aikin rufe ta da kankare daga Kwarin Gogau don a shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kai. Rufi yana rage wari, amma ba ya tace ruwa. Ruwan na nan yana gangarawa madatsar Wasai a Minjibir, inda masunta ke jefa koma, 'yan lambu kuma suna ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo a gaɓarsa. Masu bincike sun sha gano dalma da kuromiyam a wannan ruwa da ƙasar lambunan. Kayan lambun nan kasuwannin Kano ake kawo su, mu saya mu kai gida.

Ina roƙon abu uku. A ƙidaya kududdufan da suka rage a cikin badala, a shata iyakarsu, a haramta yanka su. A yashe su a killace, don kare yara da rage sauro. A kuma tilasta wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi. Masu unguwanni da dagatai sun san kowane rami da sunansa da tarihinsa, don haka da su ya kamata a fara wannan aiki, tun kafin tifa ta gaba ta juye ƙasarta.