Suiko, Sarauniyar Japan

A can ƙarshen gabas, in an wuce ƙasar Sin da ta Koriya aka ƙetare teku, akwai waɗansu tsibirai da a ke kira Japan. A zamanin da za a ba da labarinsa fadar Sarkinsu tana wani kwari mai suna Asuka, kudu da inda birnin Nara ya ke yanzu. Sarki yana da girma ƙwarai a idon jama'a, amma ƙarfi yana hannun manyan gidajen hakimai, kuma biyu daga cikinsu sun yi wa sauran zarra. Gidan Mononobe su ke riƙe da makamai da sha'anin yaƙi. Gidan Soga kuwa su ke lura da dukiyar Sarki da baƙi masu sana'a da suka zo daga Koriya, suna kuma aurar da 'ya'yansu mata ga sarakuna. Abin da ya ƙara hura wuta tsakaninsu shi ne addinin Buda, wanda ya shigo daga Koriya. Soga suka karɓe shi, Mononobe suka ce iskokin ƙasa za su yi fushi in aka bauta wa abin baƙi.

Cikin wannan hali aka haifi Suiko a shekarar 554. Ubanta Sarki Kimmei ne, uwarta 'yar gidan Soga. Sunanta na yanka Nukatabe, sai bayan rasuwarta da daɗewa aka laƙaba mata Suiko. Da ta isa aure aka ba da ita ga Bidatsu, wanda su ke uba ɗaya, uwa kowa da tasa, gama al'adar fadarsu a lokacin ba ta hana wannan ba. Bidatsu ya gaji ubansu, a 576 kuma ya ɗaukaka ta bisa sauran matansa.

Bidatsu ya mutu a 585. A al'adarsu ba a binne Sarki nan da nan, a kan gina wa gawa ɗaki, matansa su zauna takaba a ciki wata da watanni. Tana cikin wannan zama sai wani ɗan sarki mai kwaɗayin gado, sunansa Anahobe, ya zo zai kutsa ya kama ta da ƙarfi. Wani bafaden marigayin ya rufe ƙofa ya hana shi, amma bafaden nan da ransa ya biya, don Anahobe ya sa aka kashe shi. Wanta Yomei, wanda ya hau gado, bai wuce shekara biyu ba ciwo ya ɗauke shi a 587. Nan fa aka zare takubba. Shugaban Soga, watau Umako, kawun Suiko, ya sa aka kashe Anahobe, sa'an nan ya tara rundunarsa ya auka wa Mononobe, aka harbe shugabansu Moriya da kibiya, gidansu ya watse.

Umako ya naɗa wani ɗan 'yar'uwarsa, Sushun, yana zaton zai bi umurni. Sushun kuwa ya ji zafin zama Sarki ba iko. An ce ran nan aka kawo masa aladen daji gaisuwa, ya dube shi ya yi fatan ranar da za a yanke wuyan wanda ya ke ƙi kamar yadda za a yanke na dabban nan. Magana ba ta kwana a fada, ta kai kunnen Umako, shi ko bai tsaya neman bayani ba. Ya aiki wani baransa ya kashe Sarki, aka binne shi a ranar, ba takaba ba makoki. Wannan ya faru a 592.

To, wa zai hau gadon da jini bai bushe a kansa ba? 'Ya'yan sarki suna da yawa, amma ko wane aka ɗauka sai wani ɓangare ya ta da fitina. Hakimai suka duba, suka ga akwai mutum ɗaya da ba mai iya raina asalinta: 'yar Sarki ce, matar Sarki, ƙanwar Sarki, jinin Soga kuma ta wajen uwa. Suka roƙe ta, ta ƙi, suka sake, ta ƙi, sai a na uku ta amsa. Aka naɗa ta a fadar Toyura a ƙarshen shekaran nan, tana da shekara 39 bisa lissafinsu. Ita ce mace ta fari da masana tarihi suka tabbatar ta hau gadon gidan nan.

A 593 ta naɗa ɗan wanta Yomei ya zama Yarima mai jiran gado, ta sa shi gudanar da al'amura. Shi ne wanda duniya ta sani da sunan Shotoku. Ba shakka da hikima a cikin naɗin, gama jinin Soga ne ta uwa da ta uba, sabo da haka Umako ba shi da abin cewa, ga shi kuma ɗan sarki ne, ba baran kowa ba. Mulki ya zauna kamar tukunya bisa duwatsun murhu uku, Sarauniya da Yarima da Waziri.

A 594 ta yi shela a ɗaukaka addinin Buda, hakimai suka shiga gasar gina ɗakunan ibada, amma a 607 ta sake wata shela cewa kada a yar da bautar da kakanni suka bari. Da haka ta riƙe ɓangarorin nan biyu da suka zub da jinin juna shekara ashirin da suka wuce. Masu ilmi suka yi ta ƙetarowa daga Koriya. Wani malami mai suna Kanroku ya zo a 602 da littattafan taurari da na lissafin watanni, wani kuma ya zo a 610 wanda ya iya yin takarda da tawada.

A 603 aka fito da muƙamai 12, ko wane da irin hularsa ta siliki. Dā ɗan hakimi shi ke zama hakimi, ko da bai san kome ba. Hulunan nan kuwa mutum a ke ba don aikinsa, yana iya samun ƙari, in ya mutu ɗansa ba ya gada. Shekara ta kewayo aka ba ma'aikata ƙa'idodi 17, waɗanda a ke danganta su ga Shotoku. A ciki an hore su da zaman lafiya, an hana alƙali cin hanci, an hana hakiman ƙasa aza wa talakawa harajin kansu, an ce babban al'amari kada mutum ɗaya ya yanke shi. Har da cewa ma'aikaci ya yi sammakon zuwa aiki, kada ya yi saurin tashi, abin da ya nuna cutar nan tsohuwa ce.

A 607 aka aiki wani bafade, Ono no Imoko, wurin Sarkin Sin da takarda. Sarakunan Sin sun saba duk wanda ya rubuto musu ya rubuto kamar bara ga ubangijinsa. Wannan takarda kuwa ta kira masu sarautan nan biyu da laƙabi ɗaya, ɗaya na inda rana ke fitowa, ɗaya na inda ta ke faɗuwa. Sarki Yang ya husata, amma yana da gaba da wata daular Koriya ta arewa, ba ya bukatar ƙarin abokin gaba. A 608 ya haɗa Imoko da nasa manzo suka zo Japan. Da manzon zai koma aka haɗa shi da ɗalibai, waɗansunsu suka shekara fiye da 20 a Sin suna koyon tsarin mulki.

Littafin tarihinsu, Nihon Shoki, wanda aka gama a 720, ya jibga wa Shotoku yawancin yabon ayyukan nan, har mutane da yawa suka ɗauka Suiko hoto ce kawai aka ajiye bisa gado. Amma Shotoku ya rasu wajen 622, shekarar Hijira ke nan, ya bar ta da kawunta su biyu, kuma abin da ya faru a 624 ya nuna ko wace ce ita. Da fari wani malamin Buda ya sari kakansa da gatari. Ta fusata ta ce a bincike malaman duka a hukunta masu laifi. Kanroku ya roƙe ta sassauci, ya ce addinin sabo ne a ƙasar, ba su gama sanin dokokinsa ba. Ta yarda, amma ta naɗa shi shugabansu, ta sa aka ƙidaya su: ɗakunan ibada 46, malamai maza 816, mata 569. Addinin da gidan Soga suka rena ya koma ƙarƙashin idon fada.

Na biyun ya fi wannan nauyi. Umako ya aiko yana roƙon a ba shi ƙasar Kazuraki ta zama tasa da zuriyarsa, wai can ne tushen gidansu. Ƙasan nan kuwa ta Sarki ce tun kaka da kakanni, mai roƙon kuma shi ne wanda ya kashe Sarkin da ta gada. Ta mayar masa da amsa mai taushi, ta tuna masa cewa ita ma daga Soga ta fito, shi kawunta ne, kuma ba ta taɓa barin maganarsa ta kwana ba ta cika ba. Amma ta ce in ƙasan nan ta salwanta a zamaninta, na baya za su ce wata wawar mace ce ta yi sarauta ta zubar, shi kuma za su kira shi maci amana. Watau ta hana shi, ta kuma nuna masa don tsare mutuncinsa ta hana. Umako ya yi shiru, ya mutu a 626 bai sami Kazuraki ba.

Inda ta gaza shi ne wajen magaji. Bayan Shotoku ba ta naɗa wani Yarima ba. A 628 ciwo ya kwantar da ita, aka yi husufin rana, ta kira 'ya'yan sarki biyu. Ta ce wa Tamura, jikan mijinta, sarauta abu ne mai nauyi, kada ya yi maganarta da garaje. Ta ce wa Yamashiro, ɗan Shotoku, shi yaro ne, ya riƙe bakinsa ya bi shawarar manya. Ko wane ɓangare ya fassara maganar yadda ya so. Ɗan Umako ya tsaya wa Tamura aka naɗa shi a 629. A 643 jikan Umako ya tura wa Yamashiro runduna har ya kashe kansa da iyalinsa, a 645 kuma aka sare jikan nan a tsakiyar fada, babban gidan Soga ya faɗi.

Suiko ta rasu tana da shekara 75 bisa lissafinsu, a shekara ta 36 ta sarautarta. Sarakunan ƙasar sun saba a tara musu tudun ƙasa makeke a kan kabari, aikin da ke cin ƙarfin dubban talakawa. Amma tun 626 ruwa ya yi yawa, amfanin gona ya lalace, tsofaffi suna cin saiwar ciyawa suna mutuwa a bakin hanya. Sabo da haka ta bar wasiyya kada a gina mata sabon tudu, a sa ta cikin kabarin ɗanta Takeda, wanda ya riga ta mutuwa. Haka kuwa aka yi. Kabarin da a ke danganta mata yana garin Taishi, cikin lardin Osaka, ba nisa da na Shotoku.