Garkuwar garke: hanyar da Birtaniya ta kusa bi a 2020

Jama'a, jiya a ofis musun korona ya sake tasowa. Wani abokin aikina ya ce da gwamnatoci sun bar cutar ta kama kowa, da tuni an huta, ba kulle ba yunwa. Na ce masa ai akwai ƙasar da ta kusa gwadawa, bari in kawo tarihin.

Wannan dabara sunanta garkuwar garke. Likitocin dabbobi a Amurka ne suka fara amfani da kalmar kafin 1920, a kan shanu. Ma'anarta: idan mafi yawan garke sun samu garkuwa, cuta ba ta samun hanyar yaɗuwa, sai ragowar su tsira a albarkacinsu. Tambayar ita ce, ta ina za a samu garkuwar? Ta allura, ko ta kwanciya ciwo?

Ranar 13 ga Maris 2020, Patrick Vallance, babban mai ba gwamnatin Birtaniya shawara kan kimiyya, ya ce sai kusan kashi 60 cikin ɗari na jama'a sun kamu kafin a samu wannan garkuwa. Ku yi lissafin da kanku. Mutanen ƙasar sun kai miliyan 66, kashi 60 wajen miliyan 40 ke nan. Ko ɗaya cikin ɗari ne ya mutu, gawa dubu 400 ce.

Bayan kwana uku, masana daga Kwalejin Imperial ta Landan, ƙarƙashin Neil Ferguson, suka fitar da hasashe: in ba a yi komai ba, mutum dubu 510 na iya mutuwa, in an ɗan rage saurin cutar kawai, kusan dubu 250. Ministan lafiya Matt Hancock ya riga ya musanta cewa garkuwar garke manufarsu ce, amma sai 23 ga Maris Boris Johnson ya sa dokar kulle. A Oktoba 2021, kwamitoci biyu na majalisar dokokin ƙasar suka sanya wannan jinkiri cikin manyan kurakuran lafiya a tarihinta.

Sweden kuwa ba ta yi kulle mai tsanani ba, ta bar makarantun ƙananan yara a buɗe. A 2020 mace-macenta sun fi na maƙwabtanta Norway da Finland nesa ba kusa ba, musamman a gidajen kula da tsofaffi. A Manaus ta Brazil, wani bincike ya ƙiyasta kashi 76 sun kamu zuwa Oktoba 2020. Duk da haka a Janairu 2021 cutar ta dawo, har iskar oksijin ta ƙare a asibitoci. Ashe wanda ya warke na iya sake kamuwa.

Ban ce abokina ba shi da hujja ba. Ni albashina na shiga ina zaune a gida, amma mai shayin bakin ofishinmu fa? Masanan da suka fitar da sanarwar Great Barrington a Oktoba 2020 irin wannan suka duba: a killace tsofaffi, a saki matasa. To amma a gidan da kaka da jika ke cin tuwo a kwano ɗaya, wa za a killace?

Har ya rasu, mahaifina na da tabon lamba a damtsensa. Cutar agana ta yi dubban shekaru tana kama mutane, ba ta ƙare don kanta ba. Allura ce ta kawar da ita, aka tabbatar a 1980. Ƙyanda ma sai an yi wa kusan kashi 95 na yara rigakafi ake toshe mata hanya.

Mu da muke rubuta takardar shawara, mun san yadda kashi kaza cikin ɗari ke da sauƙin rubutawa. Amma kafin ka sa hannu a kan "a bari ta kama kowa", sa sunan mahaifiyarka a cikin lissafin, ka sake karantawa.

Ku me kuka gani? Allah ya kare mu daga annoba, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.