Teilhard de Chardin: Malamin Kirista da Batun Asalin Mutum

Tun sa'ad da Charles Darwin ya fitar da littafinsa a Ingila a shekarar 1859, inda ya ce halittu suna rikiɗa sannu a hankali daga wani iri zuwa wani, malaman Kirista suka rabu. Waɗansu suka ce wannan saɓo ne, waɗansu kuwa suka ce ai ita ce hanyar da Allah ya zaɓa ya yi halitta. Cikin na biyun nan akwai wani limamin Katolika, Bafaranshe, Pierre Teilhard de Chardin, wanda ya sha wuya ƙwarai a kan batun.

An haife shi a 1881, ya shiga ƙungiyar limaman Jesuit a 1899. Ya koyar da kimiyya a Alƙahira daga 1905 zuwa 1908, aka naɗa shi liman a 1911. Fanninsa shi ne binciken ƙasusuwan dauri da suka zama dutse a ƙarƙashin ƙasa.

Ra'ayinsa kuwa shi ne, halitta ba a gama ta ba tukuna, tafiya take yi mataki mataki. Daga ƙasa da ruwa rai ya fito, daga rai hankali ya fito, watau mutum. Ya ce wannan tafiya tana da makoma, ya sa mata suna Omega, harafin ƙarshe na Girkanci, ya ce makomar nan Almasihu ne, wanda zai tattara kome wuri ɗaya.

Amma fa ba ƙasusuwa ne suka jawo masa fitina ba, maganar Adamu ce. Koyarwar Katolika ta ce dukan mutane sun gāji zunubi daga uba ɗaya. To, in mutum ya samu ne sannu a hankali cikin dubban shekaru, ina wannan uba, yaushe kuma ya yi laifin? Teilhard ya rubuta 'yar takarda yana neman sabuwar fassara, takardar ta kai Rum. A 1925 shugabanninsa suka sa shi ya sa hannu a kan koyarwar coci, aka raba shi da kujerarsa ta koyarwa a Faris, ya koma ƙasar Sin a 1926. Can ya shiga cikin masanan da suka binciki kogon Zhoukoudian, inda aka tono ƙoƙon kan mutumin dauri a 1929.

Babban littafinsa ya gama shi a 1940, Rum ta hana a buga. Bai fita daga ƙungiyarsa ba, bai kuma daina rubutu ba. Ya yi biyayya har ya rasu a Amurka ranar Ista ta 1955. Da yake ya bar wa sakatariyarsa takardunsa wasiyya, a shekarar nan aka fara buga su, mutane suka yi ta rububinsu.

Ita cocin ma a hankali ta matsa. A 1950 Paparoma Pius na 12 ya yarda a binciki asalin jikin mutum, muddin an riƙe cewa ruhu Allah ne ke halittarsa kai tsaye, amma bai saki batun uba ɗaya ba. A 1962 Rum ta yi gargaɗi a kan littattafan Teilhard. A 1996 kuwa Paparoma John Paul na 2 ya ce maganar rikiɗar halitta ta wuce zato kawai. Ko shi ma bai taɓa batun Adamu ba, wanda a kansa aka raba Teilhard da ɗalibansa.